Takardar Lauya da Gadar Malanbil

 

Ranka ya daɗe mai gari, mai girma shugaban gundumar Tumbutu, malamanmu na addini da na boko, iyayenmu maza da mata, da ku ƙannena 'yan ajin ƙarshe masu jiran jarrabawar bak, ina gaishe ku gaisuwar ɗa ga iyayensa, ta yaya ga ƙannensa. An nemi in yi magana kan zaɓen makarantar koyon doka: wacce za a shiga, nawa za ta ci, kuma wane aiki za ta haifar. Na amsa da farin ciki, domin ni ma daga wannan kwari na fita da akwatin ƙarfe da ƙullin gari, kuma a lokacin ban samu wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini abin da zan faɗa muku yau ba.

Zan fara da labarin da dattawan da ke zaune a nan suka fi ni sani, labarin tsibirin Lete da ke can sama da mu, wajen Karimama. Tun kafin Turawa su gama tattara kayansu ake jayayya a kansa tsakanin Dahome, wato Benin ta yau, da Nijar. A ƙarshen 1963 abin ya yi zafi har Nijar ta sallami 'yan Dahome da ke aiki a ƙasarta. Shekara kusan arba'in maganar tana kwanciya tana tashi, sai a 2001 ƙasashen biyu suka yarda su kai ta gaban Kotun Duniya da ke birnin Heg na ƙasar Holan. Ranar 12 ga Yuli 2005 aka yanke hukunci. Kotu ta ce iyaka tana bin inda ruwa ya fi zurfi a babbar hanyar jirage, ta ba Nijar tsibirai 16 har da Lete, ta ba Benin 9. Cikin takardun da alƙalan suka tsaya a kansu akwai wata wasiƙa da kwamandan Gaya ya rubuta tun 1914. Kuma kotun ta ƙara da cewa a kan gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya ma, iyakar tana nan daidai saitin inda take a cikin ruwa.

Wannan layi da ido ba ya gani a tsakiyar gada, shi nake so ku riƙe a zuciya har mu tashi. Buhun albasa ya haye shi, yana nan albasa. Malamin asibiti ya haye shi, allurar da ya iya a Malanbil ita zai yi a Gaya. Makanike ya haye shi, injin tirela bai canza ba. Amma mai ilimin doka idan ya taka wancan gefe, wani ɓangare na abin da ya haddace ya tsaya a wannan gefe yana jiran dawowarsa. Idan kuwa ya zarce ta Kamba ya shiga Najeriya, kusan duka ne zai ajiye a bakin iyaka.

Ga misali da kowa a nan ya san irinsa. Wani alhaji ya rasu, Allah Ya jiƙan magabatanmu, ya bar gida a Malanbil, gona a Gaya, shago a Kamba, da mata biyu da 'ya'ya maza da mata. Idan iyalin suka daidaita a tsakaninsu a gaban malamai, madalla. Idan ta kai ga kotu fa? A Benin dokar iyali ta 2004 auren mace ɗaya kawai ta sani, kuma a rabon gado ba ta bambanta ɗa da 'ya. A Nijar, kan maganar aure da saki da gado da gona, alƙali yana aiki da al'adar masu ƙara, yana zama da dattawa masu ba shi shawara a kanta, kuma al'adar yawancin mutanenmu ta ginu ne a kan fiƙihun Malikiyya. A jihar Kebbi akwai kotunan shari'ar Musulunci da ke raba gado kai tsaye. Mamaci ɗaya, dukiya ɗaya, tafiyar da ba ta kai ta yini guda ba, amma hukunci iri uku. Saboda haka tambayar farko ga wanda zai karanci doka ita ce: a wace ƙasa nake nufin in yi aiki, kuma ƙasar wa nake riƙe da takardarta? Sai an amsa wannan sannan maganar suna da kyan gini da kuɗin makaranta za ta yi ma'ana.

Tambaya ta biyu, wane aiki? Na lura idan aka ce yaro zai karanci doka, kowa baƙar riga yake hangowa, a ce ga lauya nan. To, bari in auna muku tsawon wannan hanya a ƙasarmu. Lisansi shekara 3. Mastar shekara 2. Dokar ƙungiyar UEMOA ta 2014, wadda ta daidaita aikin lauya a ƙasashe takwas masu amfani da sefa, ta ce sai mai mastar ko abin da ya yi daidai da ita zai nemi shiga. Bayan mastar akwai jarrabawar neman takardar ƙwarewa da ake kira CAPA, kuma ba kowa ke haye ta a zama ɗaya ba. Wanda ya haye ya yi rantsuwa, sai ya zauna shekara 3 a ofishin wani babban lauya yana koyon aiki. Ku haɗa: shekara 8 ke nan ga wanda bai maimaita aji ko ɗaya ba, bai kuma jira jarrabawa ba. Yawancin ofisoshin lauyoyi a Kwatano suke, don haka waɗannan shekaru uku na ƙarshe, galibi a gari mafi tsada a ƙasar za a yi su, da ɗan abin da maigida ya ga dama ya ba ka.

Ban faɗi haka don in karya wa kowa gwiwa ba. Muna bukatar lauyoyi 'yan arewa, bukata mai tsanani. Na faɗa ne don uba ya san abin da yake ɗauka a kansa, kuma yaro ya san cewa ƙofofin doka suna da yawa. Akwai alƙalanci, wanda ake shiga ta gasa bayan mastar, a yi horo, sannan gwamnati ta tura ka inda ta so. Akwai magatakardan kotu, wanda duk takardar shari'a ta hannunsa take bi. Akwai wisiye, mai kai sammaci da zartar da hukunci. Akwai notar, mai rubuta takardun cinikin gida da fili da kafa kamfani. Akwai aikin duwan, da na 'yan sanda, da ofishin haraji, da ofishin magajin gari, da bankuna, da kamfanonin inshora, da masu fitar da kaya a tashar jirgin ruwa, da ƙungiyoyin agaji. Wasu daga cikin waɗannan ana nemansu da lisansi kaɗai. Gidan da ƙarfinsa shekara uku ne, gara ya shirya wa shekara ukun nan da kyau, yaro ya fito ya kama aiki, ya biya wa kansa mastar daga baya. Daidai ruwa daidai tsaki.

Yanzu mu zo kan makarantun. A gida, manyan tsangayoyin doka na gwamnati biyu ne: ta Jami'ar Abome-Kalabi, wadda aka kafa a 1970 da sunan Jami'ar Dahome, da ta Jami'ar Faraku, wadda aka buɗe a 2001. Ta Kalabi ita ce babbar yaya. Manyan shehunan malamai da yawa a can suke, kusa da ita akwai kotun tsarin mulki, kotun kasuwanci ta Kwatano, ma'aikatu da manyan kamfanoni, kuma makarantar horar da ma'aikatan shari'a ta OHADA, wadda zan bayyana muku nan gaba, tana Porto-Novo. Wannan duk gaskiya ne. Amma daga nan zuwa can fiye da kilomita 700 ne. Faraku kuwa kilomita ɗari uku da 'yan kai ne a kan hanya ɗaya miƙaƙƙiya, ana jin Dandanci da Hausa a kasuwanninta, akwai zango, kuma da wuya a samu gida a wannan taro da ba shi da ɗan'uwa ko abokin ciniki a can. Direban da ya ɗauko kaya daga Malanbil zai sauke wa ɗanka rabin buhun shinkafa a ƙofar ɗakinsa. Ɗaya daga cikin kotunan ɗaukaka ƙara uku na ƙasar nan a Faraku take, kuma shari'o'in arewa can suke zuwa, wato ɗalibi zai iya zama ya saurari irin rigingimun da zai yi aiki a kansu gobe. Takardar jami'o'in biyu kuwa darajarta ɗaya a gaban masu shirya gasar shiga aikin gwamnati.

Ra'ayina, kuma ba zan ɓoye shi ba: ga yawancin 'ya'yan Tumbutu, lisansi a Faraku ya fi. Wanda ya yi fice, ya nemi mastar a Kalabi ko inda fannin da yake so ya fi ƙarfi, lokacin da ya girma, ya san gari, ya san abin da yake nema. Shekarar farko ita ce mai cinye ɗalibai a kowace babbar tsangayar doka: ɗaki cike maƙil, malami can nesa da lasifika, ba mai tambayar ka ko ka gane. Yaron da ya haɗa wannan da yunwa da kewar gida da neman kuɗin haya, nauyin ya yi masa yawa.

Maganar kuɗi kuma, a nan iyaye suka fi yin kuskure, don kuɗin rajista kawai suke tambaya. A jami'ar gwamnati rajista ita ce ƙaramin abu. Abin da ke cin gida shi ne haya, abinci, kabu-kabu zuwa makaranta, kwafin darasi, littattafan doka, katin waya, magani, da kuɗin mota lokacin hutu. Mu ɗauki misali, ku kuma ku sa naku adadin bayan kun tambayi waɗanda ke can. A ce ɗalibi yana cin jaka 40 a wata, wata 10 a shekara. Jaka 400 ke nan. A shekara 5, miliyan 2. Ku tuna mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun farkon 2023 jaka 52 ne a wata. Baba, ka ɗauki wannan miliyan biyun ka raba shi da kuɗin buhun shinkafa ranar da aka fi arha a kasuwar Malanbil, ba ranar da aka fi tsada ba, ka ga buhu nawa ne. Sannan ka ƙara shekara ɗaya ta tsautsayi, don maimaita aji yana faruwa ga masu ƙoƙari ma, ka kuma tuna a wannan kwari akwai shekarar da kogi yake cinye gona. Idan lissafin ya tsaya da ƙafafunsa ko a shekarar ambaliya, bismillah. Idan sai an sayar da fadama ko shanun noma kafin ya tsaya, a sake duba wata makarantar. Na ga gidajen da suka sayar da gona a shekara ta biyu, kuɗin ya ƙare a ta uku, aka wayi gari babu gona babu takarda. Abin da ya fi kowane tsada a karatun doka shi ne karatun da aka fara aka kasa ƙarasawa.

Ku kuma ƙannena, akwai kuɗin da ke hannunku tun yanzu ba ku sani ba: makin da za ku ci a bak. Da shi ake jera ɗalibai wajen raba guraben karatu da tallafin gwamnati, cikakke ko rabi. Kowane maki da kuka ƙara a wannan shekara, buhu ne kuka sauke daga kan mahaifinku. Lokacin cike zaɓi a shafin intanet da ma'aikatar ilimi mai zurfi ta tanada, kada ku bar mai shagon kwamfuta ya zaɓa muku don yana sauri. Ku tafi da malaminku.

Sai haye kogi. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai tana da tsangayar doka, akwai kuma ta Tawa. Daga Gaya zuwa Yamai kusan kilomita 300 ne, kusan ɗaya da tafiyar Faraku, kuma da yawanmu muna da dangi a can. Akwai ƙa'idar UEMOA ta 2005 da ta ce ɗalibi ɗan ƙasashen ƙungiyar a ɗauke shi kamar ɗan gida wajen kuɗin rajista a jami'o'in gwamnati. Nijar ta fita daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, a farkon 2025, amma tana cikin UEMOA, tana kuma cikin OHADA. Wannan OHADA, ga waɗanda ba su san ta ba, yarjejeniya ce da aka sa wa hannu a 1993, wadda ta sa ƙasashe 17 suke aiki da dokar kasuwanci iri ɗaya, babbar kotunta tana Abijan. Ma'ana dokar kamfani, ta bashi da jingina, ta dakon kaya a mota, wadda aka karanta a Yamai ita ce ake aiki da ita a Kwatano. Wannan ɓangaren doka shi ne yake haye gada da ƙafarsa. Amma dokar iyali, ta ƙasa, ta laifuffuka da ta mulki, kowace ƙasa da tata. Nijar tana da dokar karkara ta 1993 da kwamitocinta na filaye, mu muna da dokar filaye ta 2013. Alƙalanci da sauran aikin gwamnati kuwa na ɗan ƙasa ne kaɗai. Don haka wanda takardunsa na Nijar ne, ko wanda ya ƙudurta dokar kasuwanci zai bi, Yamai hanya ce mai kyau. Mai son zama alƙali a Benin, ya karanta a Benin. Kuma dole in ambaci abin da duk muka gani da idonmu: bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 da aka tare gada, kun san yadda hayin kwale-kwale da aika kaya suka koma. Karatun shekara biyar yana son hanyar da uwa za ta iya bi ta je duba ɗanta idan ya kwanta ciwo.

Akwai kuma Jami'ar Musulunci ta Sayi, a Nijar, wadda ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta kafa, ta fara aiki a 1986. Ga yaron da ya tashi a makarantar Larabci, yana son fiƙihu, wuri ne mai albarka, kuma al'ummarmu ba za ta taɓa wadatuwa da masanan gado da aure da ciniki na shari'a ba. Sai dai a shiga da sani: a Benin gwamnati ba ta da kotun shari'ar Musulunci, kotunanta da Faransanci suke aiki. Wanda ya bi wannan hanya, abincinsa yana cikin koyarwa, da sulhu, da wa'azi, da kuma harkar bankin Musulunci da Babban Bankin BCEAO ya fitar wa ƙa'idoji a 2018. Idan ya haɗa da Faransanci mai ƙarfi da ilimin dokar ƙasa, zai zama irin mutumin da iyalin alhajin can da na ba ku misali suke nema ido rufe.

Najeriya kuma tana jan hankalin matasanmu, na sani. Sakkwato kusa take, Hausa ake yi, kuma tun da naira ta faɗi a 2023 mai sefa yana ganin komai da arha. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suna koyar da dokar da aka gada daga Ingila tare da shari'ar Musulunci, kuma sun fitar da manyan alƙalai. Tsarinsu shekara 5 ne a jami'a, sannan kusan shekara guda a Makarantar Lauyoyi ta Najeriya, wadda hedikwatarta ke Bwari kusa da Abuja, tana da reshe a Bagauda ta jihar Kano. Daga nan a kira ka lauya, ka fara aiki. Hanyar ta fi tamu gajarta. Amma da Turanci ake yin ta tun daga jarrabawar shiga, har da adabin Turanci, kuma Najeriya ba ta cikin OHADA, ba ta cikin UEMOA. Tushen dokarsu dabam, yadda suke kafa hujja da hukunce-hukuncen baya dabam, har aikin da notar ke yi a wurinmu, a can lauya ne ke yin mafi yawansa. Wanda ya ɗauko wannan takarda ya dawo Malanbil yana son tsayawa gaban alƙali, kusan sabon karatu ne a gabansa. Arha ta gaskiya ita ce ta takardar da za ka ci abinci da ita a inda kake zaune. Amma wanda rayuwarsa ta karkata can, mahaifiyarsa 'yar Kamba ce ko Illo, can zai yi aure, can zai zauna, to ya tafi da ƙarfin zuciya. Idan ma ya riƙe Faransancinsa, ya samu abin da lauyoyin Najeriya kaɗan ne suke da shi, kuma 'yan kasuwar Kano da Sakkwato masu shigo da kaya ta tashar Kwatano suna bukatar irinsa.

A kan makarantu masu zaman kansu zan ɗan ja kunne. Akwai nagari a cikinsu, masu ƙananan azuzuwa da malamai masu zuwa aiki, sai dai kuɗinsu ya ninka na gwamnati sau da yawa. Akwai kuma waɗanda allon ƙofarsu ya fi abin da ke ciki. Ina da abokin karatu, yaro mai kaifin basira, wanda mahaifinsa ya biya masa wata irin wannan makaranta shekara uku cur. Ranar da ya kai takardunsa neman shiga gasa aka mayar masa da su, aka ce ba a san wannan shaida ba. Har yau idan na tuna fuskarsa a ranar, raina yana ɓaci. Kafin a biya ko dala, a yi tambaya uku. Shin gwamnati ta ba makarantar izinin koyar da wannan fanni na doka, ba izinin buɗe ƙofa kawai ba? Shin hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, hedikwatarta a Wagadugu, ta amince da takardar? Kuma ɗalibansu nawa suka ci jarrabawar ƙasa ta lisansi da gwamnati ta ɗora wa masu zaman kansu tun 2017? A nemi amsa a rubuce. Kun ji abin da ya faru a ƙarshen 2023 da farkon 2024, lokacin da wani ɗan jarida na Najeriya ya nuna ya samu digiri daga Kwatano cikin makonni shida, gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, daga baya ta ce jami'o'i biyar kawai ta amince da su a Benin, cikinsu har da Kalabi da Faraku. Masu takardar gaskiya da yawa sun sha wahala a kan laifin da ba nasu ba.

Faransa, a taƙaice. A 2019 aka sa wa ɗalibai 'yan wajen Turai kuɗin rajista na yuro 2,770 a shekara a matakin lisansi, wajen sefa miliyan 1 da jaka 800, ko da yake wasu jami'o'in suna yafe wani kaso. Don samun biza, a wancan lokacin ana so ka nuna kana da yuro 615 a kowane wata, fiye da jaka 400, kusan albashin wata takwas na ƙaramin ma'aikaci a nan. Mai tallafin karatu ya tafi ya yi mastar ko digirin digirgir. Kada gida ya ci bashi don lisansi a can.

Abin da ya fi daɗe yana damuna shi ne yadda muke tura yara karatun doka da tunanin cewa aikin yana can kudu, alhali yana kwance a ƙofar gidanmu ba mai ɗauka. Ku dubi kasuwar Malanbil, wadda ake lissafa ta cikin mafi girma a ƙasar nan. Tirela nawa ke tsayawa a nan? Idan kaya suka lalace tsakanin Kwatano da Gaya, wa zai biya, mai mota ko mai kaya? OHADA tana da doka sukutum a kan wannan tun 2003, kuma yawancin masu dakon ba su taɓa jin labarinta ba. Ƙungiyoyin manoman shinkafa na fadamarmu suna ƙarƙashin dokar ƙungiyoyin haɗin gwiwa ta 2010, suna bukatar mai rubuta musu ƙa'idoji da kwangila da masu saye. Dokar filaye ta 2013, da gyaran da aka yi mata a 2017, ta buɗe hanyar da mai gonar gado zai samu shaidar mallaka ta al'ada daga magajin gari, ya bi ta har ya kai ga cikakkiyar takardar fili, amma mutum nawa a Tumbutu suka san matakan? Ga dokar kiwo ta 2019, ga rigimar manomi da makiyayi da ke tashi kowace kaka a kan burtali da mashaya. Ga bututun man da ya taso daga Agadem ya ratsa yankinmu zuwa Seme, wanda ya zo da maganar diyya da kwangila. Duk waɗannan aikin masanin doka ne, kuma da yawansu ba sa bukatar baƙar riga.

Kuna da wata dukiya da ɗan Kwatano ba shi da ita. Kotu da Faransanci take magana, mai ƙara da Dandanci ko Hausa ko Fillanci yake kuka. Tsakaninsu akwai tafinta, kuma duk ƙwarewarsa, wani abu yana zubewa a hanya. Kalma ɗaya, aro ne ko jingina ko kyauta, ita ke raba mutum da gonar kakansa. Alƙali ko magatakarda ko lauyan da ya ji wannan kalma da kunnensa, a harshen da aka faɗe ta, ya fi kusa da adalci. Saboda haka ku riƙe harsunanku, ku kuma ƙarfafa Faransancinku fiye da yadda kuke zato ana bukata. Karatun doka rubutu ne: sharhin hukunci, warware matsala, tsara hujja. Wanda jimlarsa ba ta miƙe ba, ko ya haddace kundin doka duka, maki ba zai zo ba. Daga yau har ranar tafiya, ku karanta shafi goma a kullum, ku rubuta shafi ɗaya, ku kai wa malami ya gyara.

Iyayenmu mata, da ku 'yan mata da ke can gefe, wannan magana da ku ake yi. Mace ce, Elisabeth Pognon, ta fara shugabantar kotun tsarin mulkin ƙasar nan a 1993, mace ce kuma, Conceptia Ouinsou, ta gaje ta har 2008. Reine Alapini-Gansou tana zaune alƙali a Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya tun 2018. Akwai abin da matar da aka hana gado ko aka kore ta da 'ya'ya ba za ta iya faɗa wa namiji ba, za ta faɗa wa 'yar'uwarta mace. Idan damuwar ita ce wurin zama da tsaro, to wannan ma wani dalili ne na duba Faraku, inda za a samu gidan gwaggo ko na aminin uba.

Sauran abu ɗaya, wanda za a iya fara shi gobe da safe. Mu mutanen iyaka muna da ciwon takardu. An haifi yaro a Gaya wajen kakarsa, an yi masa rajista a Malanbil bayan shekara shida. A takardar haihuwa an rubuta Mahamadou, a ta makaranta Mohamed, a katin ɗan ƙasa Mamoudou. A wata an ce an haife shi wajajen shekara kaza, a wata an sa rana da wata. Jami'a tana iya kau da kai ga wannan. Gasar alƙalanci da ƙungiyar lauyoyi ba za su kau da kai ba: za su nemi takardar haihuwa, shaidar zama ɗan ƙasa, da takardar da ke nuna ba a taɓa ɗaure ka ba, kuma dole suna da ranar haihuwa su zo ɗaya a cikinsu duka. Gyaran harafi ɗaya yana iya cin watanni tsakanin ofishin magajin gari da hukumar ANIP mai ba da katin ɗan ƙasa da kotu, ga kuma iyakar shekaru da ake sa wa gasa. Don haka, Baba, Inna, idan an koma gida yau a buɗe akwati, a fito da takardun yaron nan duka, a shimfiɗa su a kan tabarma, a kira wanda ya iya karatu ya gwada su harafi da harafi. Wanda ya ga saɓani ya kawo mini kafin in koma, ina nan har jibi, mu duba ta inda za a fara.

 Mai tambaya ya ɗaga hannu, iyaye su fara.